Bangon Gabas

Furera ta turo kuɗi daga Kaduna,
ta ce, "Inna, ɗakin nan ya tsufa,
a ɗaye ledar ƙasa a sa tayil,
silin ɗin da ke yoyo a sauke shi."
Na ce to. Wa ke musu da alheri?

Ran Talata Ishaya mai fenti ya iso Bolari
da bokiti biyu a bayan babur,
Manu kafinta na biye, guduma a ƙugu.
Muka fitar da gadon ƙarfe tsakar gida.
Shekara talatin da ɗaya bai ga rana ba,
ya tsaya gindin darbejiya a takure
kamar dattijon da aka cire wa hula.

Abin da ya ɓoye a ƙarƙashinsa kuwa:
ɗan kunnen da na zargi Ladiyo a kansa
har muka yi wata huɗu ba gaisuwa,
kwabo mai huji, murfin biro,
da katin awo na yaron da bai zauna ba.
Na kwashe, na ƙulle a bakin zane.
Ladiyo, ki yafe ni daga can Dukku.

Ishaya ya buɗe takardar launuka:
"Ga ruwan madara, ga ruwan toka,
ga wanda 'yan Pantami ke yayi bana."
Na ce ni launin da nake so
shi ne na ruwan Dadin Kowa da hantsi,
ranar da Malam ya kai ni ganin gonar shinkafa
muka ci rake a bakin hanya.
Ya yi dariya, ya haɗa shuɗi da fari,
ya ɗiga kore, ya juya da sanda.
Bai yi daidai ba. Amma ya kusa.

Bango uku suka sha.
Da aka janye sif daga bangon gabas
sai ga rubutun Malam da fensir,
ƙanana, kamar jerin tururuwa:
buhun masara, naira kaza;
kuɗin makarantar Furera, an ba da rabi;
bashin Gidado mai auduga,
ya ja masa layi ranar da ya biya,
layin har ya ci siminti.
Can ƙasa, inda sai an durƙusa:
"Atamfar Dije, in an yi albashi."

Wannan ba layi a kansa.

Ishaya na tsaye, burushi na ɗiga.
"Shafa biyu zai rufe shi, Inna."
Na ce na sani.
Shekara shida ina neman muryar mutumin nan
a aljihun rigunansa, a cikin rediyonsa,
ashe tana bayan sif tana lissafi.

Manu ne ya kawo dabara.
Ya yanko katako huɗu daga ragowar aiki,
ya kewaye wurin, ya rufe da gilashi,
ya zama hoton da ba fuska.

Yanzu fanka ta daina kuka,
labule ruwan zuma, tayil na sanyaya tafin ƙafa,
ga dogon madubi mai faɗin abin da ban tambaye shi ba.
Gadon na hana a sayar, katifa kawai aka sabunta.
Furera ta kira, na zagaya da waya ta ga ko'ina,
ta ce, "Inna, wancan tabon fa?"
Na ce littafin ubanki ne.

Jiya na shiga babbar kasuwa,
na sayi turmi ɗaya, mai zanen ganye,
da kuɗin fanshonsa. Ai shi ma albashi ne.
Ba a barin mamaci da bashi.
Bayan isha'i na ɗaga gilashin, na durƙusa,
na ce, "Malam, ka biya."
Na ja layin a hankali, siriri,
yadda sunana zai ci gaba da karantuwa.