Kujera Ta Goma Sha Huɗu

A Zenica, inda hayaƙin masana'antar ƙarfe
ke shafa wa dusar ƙanƙara toka,
ni ce mai yaga tikiti a ƙofar ƙaramin zaure.
Babban zauren na masu harbe-harbe ne,
can ake layi har bakin titi.
Nawa kuwa, sati biyu aka ba fim ɗin,
ranar da aka cika, mutum tara ne,
biyu daga ciki ɗumi suka shigo nema.

Fim ɗin yaƙi, in ji allon talla,
amma ko harsashi ɗaya ba a harba ba.
Wani uba ne, Zijad, ya dawo gida
da ƙafafunsa biyu, da hannayensa biyu,
barcinsa kawai ya baro a wani rami.
Ba ya hawa gado. Ƙarƙashin teburin cin abinci
yake shimfiɗa bargo, takalmi a ƙafa.
Matarsa Mubera ta koyi rufe ƙofa
kamar mai ajiye ƙwai a kan dutse.
'Yarsu ta daina hura balan-balan.
Shi ke nan labarin. Miya na tafasa, agogo na tafiya,
ana wanke kofi uku, ana shanya riga,
mutum uku suna kewaye wata magana
kamar masu kewaye rijiya cikin duhu.

Mai sharhi a jarida ya ce ba abin da ke faruwa.
Layi huɗu ya ba shi, ƙasan tallar taya.

Amma akwai wani dattijo, Hamdija,
mai yatsa huɗu a hannun dama,
kullum kujera ta goma sha huɗu, dab da mafita.
Yakan zauna bai cire kwat ba.
Idan aka zo inda maƙwabci Milenko,
wanda ya yi yaƙinsa a ɗaya gaɓar kogin,
ya ƙwanƙwasa ƙofa da kwandon tuffa,
sai dattijon ya miƙe, ya fice.
Dare goma sha uku yana barin Milenko a tsaye.

Ban tambaye shi ba. A garin nan
kowa ya san tambayar da ba a yi.
Ni ma ina da yayan da ba a ga gawarsa ba,
har uwarmu ta rasu tana ajiye masa cokali.

Daren ƙarshe mu biyu ne rak.
Na kashe fitilar ƙofa, na zauna a bayansa.
Aka ƙwanƙwasa.
Na ga kafaɗarsa ta motsa,
yatsun nan huɗu suka damƙe katakon kujera.
Bai tashi ba.

Zijad ya buɗe. Ba runguma, ba kuka, ba kiɗa.
Ya ɗauki tuffa ɗaya, ya juya ta, ya ce da tsutsa a ciki.
Milenko ya ce duk na bana haka suke.
Mubera ta kawo wuƙa, ta ajiye
a tsakanin mazan biyu,
ni kaina da na gani sau goma sha uku sai da na riƙe numfashi.
Aka fere, aka yanke ruɓaɓɓen, aka raba sauran.
A daren Zijad ya kwana ƙarƙashin teburin dai,
amma ya cire takalmi.

Fitilu suka kama.
Dattijon ya daɗe yana kallon farin allo.
Ya ce, "Ashe iya abin ke nan?"
Na ce iyakarsa ke nan.
Ya ce, "Na ɗauka sai an yafe."
Ya gyara hula, ya tambaye ni ko motar Crkvice ta wuce.

Washegari na sauke hoton daga bango.
Ƙusa ɗaya ta ƙi fita, ta riƙe guntun takarda,
ƙafar tebur da rabin takalmi.
Na bar shi nan.