Ƙofar da Ban Kulle Ba

Ni tela ne a Kasuwar Bacci,
shekara ashirin da uku ina taka keke.
Na san yagewar da zare ke rufewa,
na san wadda sai an sa faci.
Ta ɗana kuwa, ban gan ta ba sai da ta kai gindin riga.

Gidanmu a Tudun Nufawa: ƙyaure biyu, sakata uku.
Kowane dare nakan zagaya da tocila,
in taɓa kwaɗo, in leƙa bayan tanki,
in ce alhamdu lillahi, yara na ciki.
Ashe ɓarawon yana cikin bargo,
yana haska fuskar Nazifi.

Nazifi da in'ina ya fara magana.
Kalma takan tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi.
Ranar wata Talata malam ya ce ya tashi ya karanta,
wani a bencin baya ya ɗaga waya ta ƙarƙashin littafi.
Daƙiƙa goma sha bakwai.
Suka sa kiɗa, suka liƙa masa kan akuya.
Kafin la'asar abin ya kai Kawo,
ya tsallake gada ya sauka Barnawa,
yaran da ba su taɓa gaisawa da shi ba suna riƙe ciki.

Ni abin da na gani kaɗan ne:
ya daina sa hannu a kwanonmu,
ciwon kai Litinin uku a jere,
ƙwallonsa ta sace a bayan randa.
Tabawa ta ce, "Malam, yaron nan ba shi ba ne."
Na ce, "Girma ne, zai wuce."

Ranar da na gano, sai na yi abin da na iya:
tsawa.
Na ƙwace wayar na kulle a durowar keke.
An dake shi a waje,
ni kuma na hana shi kuka a gida.

Wani dare aka ɗauke wuta, ruwa na dukan rufin kwano,
na tarar da shi a zaure, ya haɗa kai da gwiwa.
Na zauna a ƙasa.
Na ajiye wayar tsakaninmu kamar akushi.
Na ce, "Nuna mini. Ba zan yi faɗa ba."
Ya fara. Ta tsaya. Na jira.
Ban ƙarasa masa kalma ko ɗaya ba
har ladan ya yi gyaran murya.

Shi ya koya mini inda ake dannawa a toshe mutum,
da inda ake kai ƙara.
Ni na ce kada a goge komai sai an adana shaida,
tela ba ya yar da takardar awo.
Kuma kada ka rama, taɓo ba ya wanke taɓo.

Da safe na bar ɗinkin biki a rataye,
muka nufi ofishin shugaban makaranta.
Aka kira uban yaron bencin baya.
Na san shi, bara na ɗinka masa kaftani.
Ya kalla sau ɗaya, ya sauke hula ya rufe fuska.
Shi ma, in ji shi, sakatarsa uku.

Ba zan ce an gama ba.
Abin yakan sake tasowa
kamar leda a kogin Kaduna bayan ruwan sama.
Amma yanzu wayoyi a tsakar gida suke kwana,
tawa da tasa, caja ɗaya.
Bayan isha'i ba na tsayawa a "Ka yi salla?"
Nakan ce, "Yau wa ya yi maka magana? Me ya ce?"
Sai in ajiye almakashi
in jira amsa,
komai daɗewarta a hanya.