Famfon Ƙarfe Uku

Ƙarfe ukun dare na tashi,
ba don tsarki ba, don famfo.
A Damagaram ruwa baƙo ne mai kunya,
sai gari ya yi barci yake leƙowa.
Na durƙusa, na murɗa,
ya yi tari, ya yi tsaki, ya hura mini iska.
Tunda gwiwa ta riga ta taɓa ƙasa,
na ce bari in yi addu'a.

Ya Uba, kwana goma sha tara ke nan
da aka shafa mana toka a goshi.
Na bar nama, na bar sukari a shayi,
na bar furar rana,
har goron da nake ƙullewa a bakin zane.
Duwatsun Birni sun sha rana sun ƙoshi,
da dare suna amayar mana da ita,
leɓena ya tsage kamar bakin tabki a bazara.

Duk wannan da sauƙi.
Ciki yaro ne, in an yi masa tsawa ya kwanta.

Amma a addu'ar da Ɗanka ya koya mana
akwai wurin da nake tsallakewa kamar kwata,
wurin yafe wa wanda ya yi mana laifi.
Jama'a su faɗa, ni in yi tari.

Ka san dalili. Ka san Mutari.
Ni na goya shi ran da uwarsa ta kwana asibiti,
ya yi mini fitsari a sabon zane, na yi dariya.
Shekarar da hayaƙi ya tashi daga majami'armu
na hango shi ta kafar ƙyaure,
da bido a hannu, ba na ruwa ba.
Bencin da Istifanus ya ƙera kafin ya rasu,
goma sha biyu, da hannunsa ya goge su,
na iske su a ƙasa, iska na wasa da su.
Tun ranar, in an ce toka,
ba mutuwata nake tunawa ba.

Yanzu kura yake turawa.
Kullum yana wuce ƙofata yana kiran ga ruwa,
kullum ina jiran na bayansa,
ko da zai ƙara mini dala biyar.

Gari ya waye famfo bai ce komai ba.
Randa ta bushe har tana amsa magana.
Hantsi ya yi, babu na baya, babu na gaba,
sai ƙarar taya ɗaya da na sani.

Ban san wa ya buɗe bakina ba.

Ya shigo bai ɗaga kai ba.
Ya rame. Furfura biyu a gemu, yaron jiya.
Ya juye na fari, ya juye na biyu,
ruwa na faɗawa randa kamar ana tafi daga nesa.
Na ƙirga kuɗin bido huɗu,
ya mayar mini da na ɗaya.
Ya ce, Inna Tabita, na ga leɓenki.
Wannan na shan ruwa ne.

Da ma in ce maka na rungume shi,
na faɗi kalmar, sama ta buɗe.
Ba haka aka yi ba.
Na tsaya riƙe da moɗa kamar wadda aka dasa,
abin da ya fito kawai:
gobe ma ka biyo.

Da maraice na sha ruwansa.
Ɗanɗanon roba, da ɗumi, da ɗan yashi a ƙasa.

Ga ni kuma, ƙarfe uku, gaban famfo.
Na zo wurin nan a addu'a,
ban tsallake ba, na taka, na yi tuntuɓe,
rabin maganar ta fita, rabi ta maƙale.
Saura kwana ashirin.
Ka yi haƙuri da ni kamar yadda nake yi da bututun nan:
na bar shi a buɗe,
na ajiye bokiti a ƙarƙashi.