Gadar Magajin Gari

Shekara ashirin da uku ke nan
da muka kafa kyamara a bakin kogin Rioni,
kyamarar aro, mai tari kamar injin markaɗe.
Ni ce mai ɗaukar sauti,
makirufo ɗaure a bakin sandar shara,
hannu sama har ya yi sanyi ya manta da ni.

Labarin bai taka kara ya karya ba:
magajin gari ya gina gada inda babu ruwa,
ya dawo yana neman kuɗin haƙa mata kogi.
Gocha ya rubuta shi a bayan takardun kuɗin wuta,
wutar da ke leƙo Kutaisi awa biyu
ta koma kamar wadda ta yi ɓatan kai.

Wata uku mun gama, in ji mu.
Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.
Faifai ya ƙare. Gocha ya sayar da motarsa,
sai firij, sai agogon mahaifinsa,
sai zoben Lamara, ba da saninta ba.

Akuyar da ta fito a mai ba magajin gari shawara,
mun cinye ta a hunturu na biyu.
Fara ce. Wadda muka samu daga baya baƙa.
Gocha ya ce, ku bar ta haka,
'yan kallo za su ce sauya sheƙa ta yi.

Tamaz, magajin garinmu,
ya murɗa ƙofa da suma baƙa ƙirin,
ya shigo ofis da sanƙo da tumbi:
shekara tara tsakanin ƙofa da kujera.
Eteri mai miƙa almakashin yanke kyalle
ta tafi Girka jinyar tsofaffi,
sai muka ɗauki bayan ƙanwarta.
Gwangwanayen fim suka tare ƙarƙashin gado
da kwalaben tumatir da takalman da ba a sawa.

Tamaz bai jira ƙarshe ba.
Jawabinsa na rufewa
ƙanensa mai tasi ne ya karanta,
yana tsayawa yana share hanci,
ni kuma ina yanke kukan da almakashi.

Jiya aka haska shi.
Mu arba'in da ɗaya, na ƙirga,
kowa dunƙule cikin kwat, hita ta mutu.
Mataimakin magajin gari na yanzu, a sahun gaba,
ya fi kowa ƙyaƙyata dariya,
yana dukan cinya yana cewa,
haka fa mutanen da suke!
Mu da muka ji tsoron barkwancin ya yi tsami
sai muka tarar ko rufe shi ba mu yi ba
bai lalace ba.
Gocha ya sunkuyar da kai. Ban san ko murna ba ce.

Sai a minti na hamsin da wani abu,
Tamaz na tsakiyar alkawarin kawo kifi,
bakin sandar shara ya sauko daga sama,
ya leƙa fuskarsa, ya yi rawa, ya koma.
Ɗaki ya ɗauki shewa.
Sun ɗauka da gangan ne.

Ni kaɗai na san
a nan hannuna ya gaji.
Ni kaɗai na ji, can ƙarƙashin muryarsa,
numfashin wata yarinya 'yar ashirin da huɗu,
ba ta karya ba tun safe,
tana cije leɓe kada ta yi dariya
ta ɓata mana faifai.