Matakalar Amaro

Wata shida da mako biyu ka yi a ciki,
sai ka buga ƙofa a wani daren Yuli,
sanyin Valparaíso na cin ƙashi.
Na sha auna kifi a kasuwar bakin teku
wanda ya fi ka nauyi.
Giram ɗari tara. Na rubuta a bayan hannuna,
sai ka ce zan iya mantawa.

Suka sa ka a kwalba, bakwainina,
wayoyin jikinka sun fi ka yawa.
Likita Urrutia ta ɗaga hoton kanka ga haske,
ta ce ƙwaƙwalwa gari ce,
a watannin ƙarshe ake shimfiɗa mata tituna.
Naka garin an buɗe shi
leburori ba su tashi aiki ba.
"Za su ci gaba," in ji ta,
"sai dai a waje, cikin hayaniya."

Ximena ta kwantar da kai a ƙirjinta, fata da fata,
ni ma haka, in na wanke ƙarnin kifi.
Shekara biyu muna yi maka lissafi biyu:
ranar da ka zo,
da ranar da aka sa ran zuwanka.

Yanzu kana bakwai.
Malama Eliana ta rubuto cewa in an ba ka saƙo uku
na farko kake riƙewa,
sauran su zube kamar ruwa a kwando.
Kukan jirgin ruwa na sace ka daga allo.
Ba ta san kana gane kowane jirgi da muryarsa ba.

Tsakanin titi da ƙofarmu matakala ɗari da sha biyu.
Kullum kana ƙirgawa,
a wajen arba'in lissafi ya kuɓuce,
ka koma ƙasa kana kumbura,
in bi ka, gwiwata na tsine mini.

Jiya ka tsaya ka ɗebi tsakuwa.
Duk taki goma, ɗaya a aljihu.
Ba ni na koya maka ba, ba kuma Malama ba.
A sama ka zazzage a tafina:
sha ɗaya, ka ɗaga yatsu biyu.

Na juya ga teku don kar ka ga idona.
Ximena na kira, miya na hucewa.
Ka wuce ni da gudu,
igiyar takalminka na jan ƙasa
kamar kullum.