Rasidi Guda

Ƙarfe ɗaya saura, East Legon ta yi tsit,
sai janareto ke gurnani kamar sa ya ƙoshi.
Ina kan benci, tocila a cinya,
wayar Gariba a hannuna, fuskarta a tsage gida uku.
Ya zuba mini kashi na biyu, ya ce kar in shanye masa caji.

A kashi na farko, in ba ka gani ba,
gwamnati ce ta gaji da bin ɓarayi, sai ta buɗe kanti.
Ƙwace kake so? Taga ta huɗu, biya, karɓi rasidi.
Duka da kulki da farashinsa, ƙona rumfa da nasa.
Na rai kuwa sai an hau bene,
a ba ka shayi kafin a buga hatimi.
Ɗan sanda ya iske ka tsaye kan gawa,
ya duba takarda, ya sara maka,
ya ce a sauka lafiya.

Kashi na biyu kuɗin ya tashi.
Mutanen gindin gada suka shiga adashi:
mai faci, mai wanki, yarinya mai dakon kaya a kwano,
shekara biyu miya ba ta ga nama ba,
har suka sayi rasidi guda.
Guda tak, su ɗari uku.
Suka kwana gardamar sunan da za a rubuta.

Na tsayar. Karen gidan ya yi haushi.
Na zaga katanga, waya mai wuta tana ƙyas-ƙyas a sama.
Ba kowa, mage ce.
Buhun abincin karen nan ni na sauke shi daga but ran Talata,
ban yi niyyar karanta farashin ba, ido ne ba shi da linzami.
Da albashina tazararsu kuɗin torotoro ce.

Bara a Nima, bayan ruwa ya ci tukwanen Azumi,
katafila ta zo da asuba ta ƙarasa rumfar.
Su ma da takarda suka zo.
Na gan ta, hatiminta shuɗi,
mai riƙe da ita har ya gaishe ni da Hausa.

Na danna, fim ya ci gaba.
Babura sittin ba fitila, gudu a kan rufin kwano,
mota ta kama wuta ta wuntsila sau biyu,
Sanda mai faci ya dira da rasidi a haƙora
gaban wani gida mai fitilu kamar filin jirgi.
Zuciyata na ganga. Na ce shiga, ɗan halak, shiga!

Sai ƙaramar ƙofa ta buɗe.
Wani dattijo ya fito, yunifom ya yi masa yawa,
tocila a hannu.
Ba a ba shi suna ba. Daƙiƙa huɗu aka ba shi.
Na mayar baya sau uku
ina duban takalminsa,
na hagu an ɗaure shi da wayar birki.
Na dubi ƙafata.
Wayar ta yi ƙyaf, ta mutu.

Ƙarfe uku hon ya tsaga titi.
Na ja ƙyaure, na ƙame, na sara.
Oga Amponsah ya sauke gilashi ɗan yatsa biyu:
Baba, ba matsala?
Na ce ba matsala, ranka ya daɗe.

Da safe Gariba na jirana a bakin kwata,
kokonsa na tururi, yana ta zuba:
ka ga yadda gidan ya ci wuta? Ka ga jirgin sama?
Na ce ban kai nan ba.
Abu ɗaya zan tambaye ka.
Rasidin nan na shekara biyu,
a kan maigadin ya ƙare?

Ya hura koko, ya yi tunani.
Ya ce, wane maigadi?