Rabin Bulo

Katangata ta faɗi daren Talata,
ruwan Agusta ya ci gindinta.
Da safe na tsuguna cikin ɓaraguzai
ina ware mai rai daga matacce.
Jikata Hajjo na dariya:
"Kaka, nawa bulo yake? Ka bar tsince-tsince."

Ban amsa ba. Wani nake tunawa.

Sunansa Zbigniew. Harshenmu ya yi tuntuɓe a kai
har sau uku, muka ce Zubairu,
ya ɗaga kafaɗa ya amsa.
Shi injiniya, ni ɗan kwaɓa,
muna zuba kwalbati a hanyar Dass
shekarar da aka haifi uwar yarinyar nan.
Wuyansa ja kamar nunannen gauta,
Hausarsa tana ɗingishi, amma tana isa inda za ta.

Wata rana na jefa rabin bulo cikin kwari.
Ya sauka da kansa ya ɗauko,
ya share shi da gefen riga,
ya ɗora mini a tafin hannu.
"Garinmu da irin wannan aka tashe shi."

Warsaw. A bakinsa Barshaba nake ji.
Sojan Jamus sun bi shi gida-gida da wuta
har mutum ya tsaya a ƙofar ubansa
ya rasa ina ne gabas.
Yana ɗan shekara tara uwarsa ta sa shi a layi,
hannu ya ba hannu, tubali na tafiya,
mata na kankare tsohon siminti da guduma.
Da kamannin tituna suka ɓace musu
sai suka nemo tsofaffin zane-zane,
su dubi taga a hoto, su mayar da taga.

Na ce, "Ba gara sabo ba?"
Ya ce, "An taɓa goge mu daga taswira
shekara ɗari da ashirin da uku.
Wanda aka goge ba ya raina tsohon abu."

Matarsa Halina ba ta sha wahalar suna ba.
'Yar wani gari ce da ya kwana nasu
ya tashi na wasu.
Iyaka ce ta miƙe ta yi tafiya,
aka loda su a jirgin ƙasa da tukwanensu
zuwa gidan da wasu suka bari, labule na rataye.

Daren Kirsimeti suka kira ni Yelwa.
Kifi, kabeji mai tsami, wata miya ja kamar zoɓo,
da faranti guda babu mai shi.
"Na baƙon da bai iso ba," in ji ta.
Na ce uwata ma tana rage tuwo a ƙwarya,
wataƙila baƙon ɗaya ne.

A lokacin rediyo ya hana shi barci.
Masu ƙera jiragen ruwa a Gdansk sun ajiye aiki,
shekara ta zagayo, tankoki suka fito kan ƙanƙara.
Wasiƙar ƙanensa ta zo da hatimi,
wani ya riga shi karantawa.
Ranar bai yi mana faɗa ba ko sau ɗaya,
mu kuwa muka fi jin tsoro.

Ya taɓa cewa a Krakow akwai mai busa
da ke hawa hasumiya kowace sa'a,
ya busa, ya katse a tsakiya.
Shi ma haka ya tafi, muna rabin gada.
Bai rubuto ba. Ni ban iya ba.
Ya bar mini ma'auninsa,
kumfar ciki har yau tana neman tsakiya.

Rana ta taso bayan Dutsen Tanshi.
Hajjo ta gaji da kallo, ta ajiye waya,
ta ɗago wani da yatsa biyu.
"Wannan ya fashe, Kaka."

Na ce miƙo dai.